Littafin aikin aji: Yadda ɗaliban sakandare ke sanin aikin da aka ba su

Ɗalibin makarantar sakandare kan haɗu da malamai biyar ko shida a rana guda, kuma kowanne daga cikinsu na iya barin masa aiki. Wannan ya ce a karanta babi, wancan ya ba da lissafi, wani kuma ya tsayar da ranar gwaji.

Idan ɗalibin ya kwanta rashin lafiya na kwana uku, darussa kusan 20 ke nan suka wuce shi. Abin da zai fara nema idan ya miƙe shi ne me aka koyar, wane aiki aka bayar, kuma yaushe za a karɓa.

A makarantu da dama babu inda zai sami amsar sai a bakin abokinsa. Sai dai akwai ƙasashen da suka ɗauki al'amarin a matsayin haƙƙin ɗalibi, suka tanadar masa doka. Faransa na cikin waɗanda suka daɗe da yin hakan, kuma tsarin nata ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da ta yi wa mulkin mallaka, ciki har da Jamhuriyar Nijar.

Menene littafin aikin aji?

Faransawa na kiransa cahier de textes. Littafi ne guda ɗaya na kowane aji, wanda aka rarraba shafukansa bisa ga fannonin karatu, kamar lissafi da tarihi da kimiyya da harsuna.

A ƙarshen kowane darasi malami zai rubuta kwanan wata, da taƙaitaccen bayanin abin da ya koyar, da aikin gidan da ya bayar, da ranar da zai karɓa, sannan ya sa hannu. Idan ya yi gwaji, akan liƙa takardar tambayoyin a ciki.

A al'adance wani ɗalibi ne ake ɗora wa nauyin littafin. Shi zai ɗauko shi da safe, ya bi 'yan ajinsu da shi daga wannan ɗaki zuwa wancan, ya mayar da shi ofis idan an tashi.

Wata takardar umarni da ma'aikatar ilmin Faransa ta fitar ranar 3 ga watan Mayun 1961 ce ta shimfiɗa ƙa'idojin riƙe littafin, kuma an yi kusan shekara 50 ana aiki da ita.

Tsarin ya shafi matakai biyu na sakandare, wato kwaleji mai shekara huɗu, wadda yara ke shiga suna da kimanin shekara 11, da kuma lise mai shekara uku, wadda ake kammalawa da jarrabawar bakaloriya.

Baya ga littafin aji, kowane ɗalibi na da nasa ƙaramin littafin, inda yake rubuta aikin da aka ba shi a ƙarƙashin ranar da za a karɓa.

Su wa yake yi wa amfani?

Na farko shi ne ɗalibin da bai zo makaranta ba. Da ya buɗe littafin zai ga inda aka tsaya, ba sai ya dogara da abin da wani ya tuna ba.

Na biyu shi ne malamin da aka turo ya maye gurbin wani. Littafin zai nuna masa babin da aka gama da wanda ya rage, ta yadda ba zai maimaita ko ya tsallake ba.

Na uku su ne shugaban makaranta da sufetocin ilmi, waɗanda ke duba shi domin su ga ko malami na bin manhajar karatu, da kuma ko ayyukan da malamai daban-daban ke bayarwa ba su taru sun yi wa yara yawa a rana guda ba.

Na huɗu su ne iyaye. Littafin shi ne hujja idan gardama ta taso tsakanin uba da ɗansa a kan ko an ba da aiki, ko tsakanin ɗalibi da malami a kan ranar da aka ce a kawo.

Me ya sa batun ke da muhimmanci?

Dalili na farko shi ne yawan aikin. Wani binciken ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ƙarfin masana'antu, wanda aka gudanar a 2012, ya nuna cewa ɗalibai 'yan shekara 15 a ƙasashen ƙungiyar kan shafe kimanin sa'a biyar a mako suna aikin gida. A birnin Shanghai na China adadin ya kusa sa'a 14, yayin da a Finland bai kai uku ba.

Haka nan wani nazari da Farfesa Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2006, ya gano cewa dangantakar da ke tsakanin aikin gida da samun sakamako mai kyau ta fi ƙarfi a sakandare a kan firamare.

Dalili na biyu shi ne maki. Ƙasashe da yawa sun daina auna ɗalibi da jarrabawar ƙarshe kaɗai. A Faransa, tun daga 2021, kashi 40 cikin 100 na sakamakon bakaloriya ta gama-gari na fitowa ne daga ayyuka da gwaje-gwajen da aka yi a tsawon shekarun karatu.

A Nijeriya ma, tsarin ilmin ƙasa da aka fito da shi a 1977 ya tanadi a riƙa auna ɗalibi a kai a kai, kuma hukumar WAEC na ware kashi 30 cikin 100 na makin jarrabawar kammala sakandare ga wannan awo na makaranta.

Ke nan aikin da ɗalibi bai yi ba saboda bai sami labarinsa ba na iya biyo shi har cikin takardar shaidar kammala karatu.

Nijar da Nijeriya

Makarantun Nijar da Chadi da ɓangaren Kamaru mai amfani da Faransanci sun gaji littafin da sunansa na asali. A can ma wakilin aji ne yake riƙe shi, malamai su cike, hukumar makaranta ta duba ta sa hannu. Sufetoci na amfani da shi wajen auna nisan da aka yi a manhaja kafin jarrabawar BEPC da ta bakaloriya.

A Nijeriya, wadda ta gaji tsarin Birtaniya, akwai makamancinsa. Ana rarraba manhajar kowane fanni mako-mako a tsawon zango uku na shekara, kuma malami na da littafin da yake rubuta abin da ya koyar a ƙarshen mako, wanda shugaban sashe ko mataimakin shugaban makaranta ke dubawa.

Bambancin shi ne, wannan littafi na malamai ne da hukuma. Yana zaune a ofis, ɗalibi ba ya ganinsa, kuma ba a cika rubuta aikin gida da ranar karɓa a ciki ba.

Saboda haka hanyar da labarin aiki ke isa ga ɗalibi ita ce baƙin allo, da bakin malami, da kuma monita, wanda akan ba shi littafin malami ya kwafe wa 'yan aji a allo. A makarantun kwana, lokacin nazarin yamma ko na dare na ba ɗalibai damar tambayar juna. Ɗalibin jeka-ka-dawo da ya yi fashi kuwa, sai ya je gidan abokinsa ya ari littafi.

Wannan hanya ba ta cin kuɗi, amma tana da rauni. Idan abokin ya kwafa da kuskure, kuskuren za a gada. Idan an goge allo kafin mai jinkirin rubutu ya gama, aikin ya tafi ke nan. Matsalar kan ƙaru a ajin da ɗalibai suka yi cunkoso, ko a lokacin damina da girbi, inda yaran karkara kan yi fashi domin taimaka wa iyayensu a gona.

Komawa intanet

Ranar 6 ga watan Satumban 2010 ma'aikatar ilmin Faransa ta soke umarnin 1961, ta ce daga farkon shekarar karatu ta 2011 littafin da ke kan intanet ne zai maye gurbin na takarda a dukkan makarantun sakandare.

Sabon umarnin ya buƙaci malami ya sanya abin da ya koyar da aikin da ya bayar, tare da duk wata takarda ko shawara da za ta taimaka wa ɗalibi. Ya kuma tanadi cewa bayan ƙarshen shekara littafin zai ci gaba da zama a buɗe na tsawon shekara guda, daga nan a adana shi na shekara biyar.

Wani abin lura shi ne, umarnin ya fayyace cewa littafin intanet bai ɗauke wa ɗalibi nauyin riƙe nasa littafin na hannu ba.

Manhajar kwamfutar da ta fi yaɗuwa a makarantun ƙasar ita ce Pronote, wadda wani kamfani na birnin Marseille ya ƙirƙiro. Ɗalibi da iyayensa kowa na da lambar sirrinsa, kuma da ita za su ga jadawalin darussa, da aikin gida, da maki, da ranakun da yaro ya yi fashi ko ya makara.

A Amurka babu doka guda da ta shafi ƙasa baki ɗaya, domin kuwa jihohi da gundumomi ne ke tafiyar da makarantu. Kafin zuwan intanet wasu makarantun na da lambar tarho da malamai ke naɗar aikin ranar a kai, ɗalibi ya buga ya saurara. Daga baya malamai suka riƙa buɗe shafukan intanet na ajinsu.

A 2002 wani ɗan Ostireliya mai suna Martin Dougiamas ya fito da manhajar Moodle, wadda kyauta ce, sannan a 2014 kamfanin Google ya ƙaddamar da Google Classroom, inda malami ke sanya aiki, ɗalibi ya yi ya mayar, a ba shi maki duk a wuri guda.

Me bincike ya nuna?

Wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Peter Bergman da Eric Chan, sun yi gwaji a makarantun sakandare 22 a jihar West Virginia. Sun haɗa rajistar makin malamai da na'urar aika saƙon tes, ta yadda iyaye za su riƙa samun saƙo a kan ayyukan da ɗansu bai kawo ba, da darussan da bai halarta ba, da kuma lokacin da makinsa ya yi ƙasa.

Sakamakon da suka wallafa a 2021 ya nuna cewa faɗuwa a darussa ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma halartar aji ta ƙaru. Ɗaliban da ke baya a karatu su suka fi cin moriyar shirin. Binciken ya kuma nuna cewa iyaye da yawa ba su san yawan ayyukan da 'ya'yansu ke bari ba.

Wani gwajin kuma an yi shi ne a Botswana a 2020, tare da iyalai kimanin 4,500 masu yara a firamare. An riƙa aika wa wasu tambayoyin lissafi ta saƙon tes kowane mako, wasu kuma aka haɗa musu da kiran waya na kimanin minti 20, inda mai koyarwa ke bin tambayoyin tare da yaro.

Waɗanda aka haɗa wa saƙo da kira sun sami ci gaba a lissafi. Waɗanda aka aika wa saƙo kawai kuwa, ba a ga wani canji mai ɗorewa a tare da su ba.

Gwaje-gwajen biyu sun yi amfani ne da ƙaramar wayar salula, ba tare da intanet ba. Sun kuma nuna cewa sanarwa na yin tasiri ne idan ta isa hannun wanda zai bi sawu, walau uba, ko uwa, ko malami.

Idan an rufe makarantu

Annobar korona ce ta gwada ƙarfin waɗannan hanyoyi. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa a watan Afrilun 2020 rufe makarantu ya shafi ɗalibai kimanin biliyan 1.6 a ƙasashe fiye da 190.

Faransa ta rufe makarantunta ranar 16 ga watan Maris na shekarar. Ko da yake ta yi shekara tara tana amfani da littafin intanet, shafukan makarantu da dama sun kasa ɗaukar cunkoson jama'a a kwanakin farko. Makonni biyu bayan nan ministan ilmi na lokacin, Jean-Michel Blanquer, ya ce malamai sun rasa ɗuriyar kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na ɗalibai.

Kamfanin Google ya ce masu amfani da Google Classroom sun ƙaru daga miliyan 40 zuwa fiye da miliyan 150 cikin shekara guda. Sai dai a watan Agustan 2020 asusun UNICEF ya ce yara aƙalla miliyan 463, wato kusan sulusin 'yan makaranta na duniya, ba su da hanyar samun karatu daga gida.

Inda intanet bai wadata ba, rediyo aka koma wa. Dabarar tsohuwa ce. A 1937, lokacin da cutar shan inna ta hana buɗe makarantu a birnin Chicago na Amurka, an koyar da yara fiye da 300,000 ta rediyo, jaridun birnin na buga jadawali da aikin kowace rana, wasu malamai kuma na zaune a bakin tarho domin amsa tambayoyin iyaye. Saliyo ma ta yi haka daga watan Oktoban 2014 a lokacin cutar Ebola.

A Nijeriya an rufe makarantu a watan Maris na 2020, kuma jihohi irin su Kaduna da Kano da Legas sun watsa darussa ta rediyo da talabijin. Makarantu masu zaman kansu da dama sun buɗe zaurukan WhatsApp, inda malami ke ɗaukar hoton aiki ya tura. 'Yan ajin ƙarshe sun koma makaranta ranar 4 ga watan Agusta, aka fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga watan, wato mako biyu kacal suka samu da malamansu.

Rediyo na kaiwa ƙauyukan da babu lantarki, amma gefe ɗaya yake magana. Yana iya ba da aiki, ba ya iya karɓa ko gyarawa. Waya kuma sau da yawa ta mai gida ce, wanda kan fita da ita tun safe, ga kuma kuɗin data da na caji.

A arewacin Nijeriya matsalar tsaro ta ƙara dagula lamarin. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disamban 2020 da Jangebe a watan Fabrairun 2021, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana. A watan Satumban 2021 an rufe makarantun jihar Zamfara, kuma a cikin makon aka katse layukan wayar salula a jihar, lamarin da ya toshe hanyar da malami zai iya aika wa ɗalibi saƙo.

A watan Maris na 2022 gwamnatin Nijeriya da UNICEF da kamfanin Microsoft sun ƙaddamar da shirin Nigeria Learning Passport, wanda ke ɗauke da darussa a harsunan Ingilishi da Hausa da Igbo da Yarbanci. Darussan na bin manhajar ƙasa ne, don haka aikin da wani malami ya bai wa ajinsa a wata rana, makarantar ce kaɗai za ta iya sanar da shi.

Ƙorafe-ƙorafe

A ƙasashen da suka koma intanet wasu sabbin matsaloli sun ɓullo.

Ta farko ita ce lokaci. A da, idan an kaɗa ƙararrawar tashi an gama ba da aiki. Yanzu malami na iya sanya aiki ko maki da daddare ko a ranar hutu, abin da ke sa yara da iyaye leƙa waya a kowane lokaci. A 2025 ma'aikatar ilmin Faransa ta sanar da cewa za a riƙa dakatar da sanya sabbin bayanai a irin waɗannan shafuka daga ƙarfe 8 na dare zuwa 7 na safe, da kuma ƙarshen mako.

Ta biyu ita ce wayar kanta. Faransa ta haramta wa ɗalibai amfani da wayar salula a firamare da kwaleji a 2018, alhali ta wayar ne da yawansu ke duba aikin gida. China ta bi wata hanya daban. A 2021 ta hana malamai ba da aiki ta waya, ta hana a ɗora wa iyaye gyaran aikin yara, ta kuma ƙayyade cewa rubutaccen aikin gida na ƙaramar sakandare kada ya wuce minti 90 a rana.

Ta uku ita ce tarbiyya. Wasu malamai na ganin cewa ɗalibin da ya san komai na kan intanet zai daina saurare da rubutawa, alhali koyon tsara lokaci da riƙe alƙawari na cikin abin da ya zo nema a makaranta.

Ta huɗu ita ce sirri. A watan Disamban 2024 masu kutse sun shiga rumbun kamfanin PowerSchool, wanda dubban makarantu a Amurka da Kanada ke amfani da shi, suka kwashi bayanan miliyoyin ɗalibai da malamai. Haka nan dandalin Edmodo, wanda aka kafa a 2008 kuma malamai da yawa suka dogara da shi, ya rufe a watan Satumban 2022, dole suka nemi wani wurin.

Abubuwan da ba sa canzawa

Ko a takarda ne ko a waya, tsarin da ke aiki na da siffofi iri ɗaya. Wuri guda ake rubuta aikin dukkan fannoni, ba kowane malami da nasa ba. Ana rubutawa a ranar da aka yi darasin. Ana fayyace shafi, da lambar tambaya, da ranar karɓa. Ɗalibi da iyayensa na da ikon dubawa. Akwai kuma wani babba a makaranta da ke tabbatar da cewa an cike.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kwamfuta. Littafi mai kauri guda ɗaya a kowane aji, ko wani ɓangare na allo da ba a gogewa sai ƙarshen mako, na iya biyan buƙata. Inda ake da waya, hoton shafin ranar ya isa a tura wa iyaye.

Sanin aikin kuma mataki ne na farko kawai, domin akwai yaran da ba su da fitila ko wurin zama a natse ko mai taimaka musu a gida. Wannan ne ya sa a watan Nuwamban 2017 Faransa ta fito da wani shiri na kyauta, inda ɗaliban kwaleji ke tsayawa a makaranta su yi aikin gidansu a gaban malami. Tun daga 2023 shirin ya zama wajibi ga dukkan 'yan ajin farko na kwaleji.